Ƙwallo Ɗaya a Ƙoƙon Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani birnin dabbobi, kowace unguwa tana zaɓen wakili ɗaya da zai zauna a majalisar gari, kuma shi ke riƙe gugan rijiyar unguwar har damina biyu. Zaɓen ba wuya. Ana jera ƙoƙuna a cikin rumfa, kowane ɗan takara da nasa. Ka shiga kai kaɗai, ka jefa ƙwallon dabino a ƙoƙon wanda kake so, ka fito Hankaka mai ƙirga ya tsoma maka ƙafa a shuni don kada ka dawo. Shunin nan yakan daɗe bai goge ba.

A Unguwar Gangare, Jaki da Akuya da Zabuwa ne suka matsa wa Malam Kunkuru ya tsaya, don shi ya saba gyara bakin rijiya ba a roƙe shi ba. Gizo ma ya tsaya. Da aka ji, aka yi dariya, aka wuce.

Ana gobe zaɓe, Gizo ya je wurin Jaki yana share hawaye, ya ce ai an gama, kowa Kunkuru yake so, shi ma don kunya ce bai janye ba. Ya ƙara da cewa ya ga ciyawa ta yi kore a fadama, amma ba lallai ta kwana biyu ba. Jaki ya ba shi haƙuri, ya ce a ransa ƙwallo ɗaya ba ya rage komai.

Gizo ya je wurin Akuya, ya ce layin gobe zai kai ƙofar gari, ga rana. Akuya ta ce ai Jaki zai je.

Ya je wurin Zabuwa, ya tambaye ta wa zai kwanta mata a kan ƙwai. Zabuwa ta ce ai Akuya za ta je.

Da gari ya waye, Jaki ya tafi fadama, Akuya ta samu inuwa, Zabuwa ta kwanta. Sauran unguwa kuwa kowa ya dogara da maƙwabcinsa. Hankaka ya wuni yana hamma. Da la'asar ya juye ƙoƙuna, ƙirgar ba ta gajiyar da shi ba: Gizo biyu, nasa da na matarsa Ƙoƙi. Kunkuru ɗaya.

Ku lura, jikokina, Gizo bai yi maguɗi ba. Ƙafa takwas gare shi, ɗaya ya tsoma.

Ya karɓi guga ya rataye a ɗakinsa. Rijiya ba ta buɗewa sai ya tashi barci, shi kuwa ba mai gaggawar tashi ba ne. Garken Akuya suka rame, 'yan tsakin Zabuwa suka riƙa buɗe baki da tsakar rana. Aka kai kuka wurin Hankaka, ya ce shi ƙwallo yake ƙirgawa, ba niyya ba, a dawo bayan damina biyu.

Sai su ukun suka tafi yi wa Kunkuru jaje. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo ɗan ruwan da ya rage a tulunsa. Jaki ya ce shi dai Allah ya sani, ƙwallon nan ɗaya nasa ne. Akuya ta ce a'a, nata ne. Zabuwa ta rantse da ƙwanta nata ne.

Kunkuru ya saurare su har suka gama. Ya miƙo ƙafarsa ta gaba, shuɗiya har gwiwa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe mu huɗu muka jefa shi. Yallaɓai Jaki, gyara zama mana, ka danne ƙafarka."

Jaki ya ce haka ya fi masa daɗi. Akuya ta naɗe ƙafafunta ƙarƙashin ciki. Zabuwa ta tura nata cikin ƙasa kamar mai tono. Ba wanda ya iya ɗaga ido, ba wanda ya iya taɓa ruwan.

"Ku sha," Kunkuru ya ce. "Gizo bai tashi ba tukuna."

Suka sha, don ƙishi ya fi ƙarfinsu, kuma babu abin da ya fi ruwan nan wuyar haɗiya. Da za su tafi, ya raka su har ƙofa, ya yi musu godiyar zuwa.

Damina biyu suka sha ruwa a lokacin da Gizo ya ga dama. Da zaɓe ya dawo, Hankaka ya tarar da Jaki a bakin rumfa tun ba a kafa ta ba. Kunkuru ya ci. Amma har yau in kun ga jaki tsaye shi kaɗai, za ku ga kansa a ƙasa yana duban kofatonsa.

To, ku riƙe wannan: ranar zaɓe kowa da ƙwallonsa, ba mai jefa na wani. Wanda ya zauna a gida ma ya zaɓa, sai dai bai san wa ya zaɓa ba.

Kungurus kan kusu, ya gangara ya faɗa ƙoƙon Gizo, kada a ƙirga da shi.