Tiren da Aka Riƙa Turawa Baya

An hana mu rantsuwa, in ba haka ba da na rantse muku ba za ku yarda da wannan ba. Ku dai gyara zama.

Akwai wani mutum mai tsara aiki a wata masana'anta inda ake haɗa rediyo da fitilu masu caji. Ma'aikata a jere suke a dogon tebur, wannan ya sa waya, wancan ya liƙe ta da dalma, na ƙarshe ya gwada. Kowane aiki da tirensa a kan kanta, kuma tiren da ke gaba shi ake yi. Mutumin nan ne ke jera su.

Ba abin da ya tsana kamar a tsayar da layi. In za a bar rediyo a koma wani abu, sai an kwashe kayan tebur, a sake saita injuna, rabin yini ya tafi. Shi kuwa kullum yana bugun ƙirji yana cewa, "Layina ba ya tsayawa."

Ana nan sai makafin wata ikkilisiya suka ba da aikin 'yan na'urori kaɗan, irin wadda in an danna take karanta Littafi Mai Tsarki da murya. Cikin masu jira har da kakarsa, wadda ta goya shi. Ita ce ma ta ce a kai aikin wurin jikanta, don ba zai ba ta kunya ba.

Kowace safiya in ƙaramin tiren ya iso gaba, sai ya sa yatsa ya tura shi baya, ya ƙyafta wa ma'aikata ido. "Bari mu gama rediyon nan tukuna."

Ran Lahadi bayan sujada yakan je gaishe ta. Ta shafa fuskarsa ta ce, "Mijin nan nawa, ina akwatina mai magana?"

"Amarya, ai kwalliya ake mata."

Wata rana har gwangwanin kifi ya sa mata a hannu, ya maƙe murya yana karatu daga bayanta. Ta yi dariya har da tari, ta kai masa duka da mafici. Sa'an nan ta ce, "Mugu. Ka dai yi sauri, kunnen nan kaɗai ya rage mini."

Damina ta zo ta wuce, manyan ayyuka ba su ƙare ba. Sai zazzaɓi mai zafi ya kwantar da tsohuwar a asibiti. Da labari ya iske shi, ya tsayar da layin da hannunsa. Kafin a tashi aiki a ranar an gama na'urorin duka. Iyakar abin da ya yi watanni yana gudu ke nan.

Da aka sallamo ta, ya kai mata na'urarta. Ya sa a tafin hannunta, ya danna, ya ƙure muryar na'urar har maƙwabta suka leƙo. Ita kuwa tana ta shafa ta, tana jira.

"Kunna mini mana, mijina."

Ya kai na'urar daidai kunnenta. Ya kira sunanta da ƙarfi. Zazzaɓin ya tafi da jinta.

"Kai dai ba ka gajiya da wasa," in ji ta a hankali. "Kunna mini, na gaji."

Ya durƙusa a gabanta, ba shi da hanyar da zai gaya mata cewa gafara yake nema.

To, ga ma'anar misalin nan. Layin nan kwanakinmu ne, kuma kowannenmu shi ke jera tirensa. Mutumin bai yi sata ba, bai zauna banza ba, aiki yake yi tuƙuru. Laifinsa shi ne ya auna kowane aiki da girmansa, bai tambaya wane ne ba zai iya jira ba. Haka muke yi da addu'a, da tsohon da muke cewa za mu dubo, da ɗan'uwan da muka ɓata wa rai. Ba mu ce ba za mu yi ba, gobe muke cewa, don tsayawa tana da tsada.

Allah mai jinƙai ne, yana gafartawa. Amma bai yi mana alkawari cewa mai jiranmu zai kai goben ba. Kafin ku fita daga ɗakin nan, kowa ya tuna wanda ya daɗe yana turawa baya, ya je wurinsa yau, tun yana ji.