Sunan Wa Za a Raɗa wa Jikan Jatau?

To, ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ta sa shayinku ya huce ba ku sha ba.

An yi wani tela ana ce masa Sallau. Ranar wata Talata matarsa ta haifi ɗa namiji, a ranar kuma mahaifinsa, Baba Jatau manomin albasa, ya fara murƙususun ciwon ciki. Gida ya cika da 'yan barka, hankalin kowa yana kan jariri, aka bar tsoho da matarsa Inna Kande. Da ta ga ciki yana ta kumbura, ga amai, sai ta yanke hukunci irin nata, wai ruwa ne ke ƙara kumburin. Ta ɗauke moɗa, ta rufe randa, kwana uku ba ta bar shi ya sha komai ba sai kurɓin jiƙo safe da yamma. Don so ta yi, ba don mugunta ba, amma saura ƙiris son nan ya kai shi kushewa.

Ranar Juma'a da hantsi Sallau ya leƙa ɗakin, ya tarar idanun uban sun faɗa, harshe ya bushe kamar ƙanzo. Ya ɗauke shi sai asibiti. Likitar tiyata, Dakta Sa'adatu, ta taɓa cikin ta ce hanji ne ya murɗe, in ba a buɗe shi yau ba sai dai haƙuri. Sallau ya fito baranda. Ya zauna, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya cire hula ya mayar. Tsoro ya sa bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce a gaban kawunnansa, "Wallahi duk wanda ya zama sanadin tashin Baba, sunansa zan raɗa wa yaron nan." Sunan tsohon tuni an ba ɗan fari, don haka ba wanda ya ga laifin maganar.

Mutum uku ne suka tsaya a kan ran tsohon nan a ranar. Na farko shi ne Malam Zubairu, nas ɗin da aka sa ya shirya marar lafiya. Har an fara tura gado ya tsunkuli fatar hannun tsohon, ya ga ta tsaya a tsuke ba ta koma ba. Ya juya wurin Inna Kande, wadda ta biyo su asibitin, ya ce, "Inna, yaushe rabonsa da ruwa?"

"Tun Talata, ɗana. Ai ruwan ne ke kumbura shi."

Zubairu ya dafe gadon, ya ce ba inda za a kai shi. Ya gaya wa likita cewa in aka sa wa busasshen mutum irin wannan maganin barci, zuciyarsa za ta tsaya tun wuƙa ba ta taɓa shi ba. Aka zo ƙarin ruwa, jijiya ta ce ɗauke ni inda ka ajiye. Ya soka a bayan hannu, ya soka a gwiwar hannu, babu. Sallau yana leƙe ta taga, ji yake kamar ya shiga ya fizge allurar. A karo na bakwai ya samu wata 'yar siririya a idon sawu. Leda uku ya ɗura, bai bari an motsa gadon ba sai da fitsari ya fara ɗiga a jakar da aka rataya. Sallau bai taɓa zaton akwai ranar da zai yi hamdala don ya ga fitsari ba.

Na biyu shi ne Malam Tukur mai sa barci. Nasa aikin Sallau bai gani ba, likita ce ta ba shi labari daga baya. Ana warware hanjin wata jijiya ta ɓalle, jini ya malala, bugun zuciyar tsoho ya yi ƙasa. Dakta ta daka tsawa ta ce a buɗe ruwa gaba ɗaya, kuma ko wane ne a wurin abin da zai ce ke nan. To amma Tukur, tun lokacin da ake tuɓe wa tsohon riga, ya ga kwalin maganin ciwon zuciya a aljihunsa, ciwon da ya ɓoye wa iyalinsa. Ya sa abin saurare a ƙirji, ya ji wata 'yar ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Ya ce, "Ranki ya daɗe, in na ƙara leda ɗaya huhunsa zai cika, mu nutsar da shi a kan tebur. Jini ya zubar, jini yake so." Ran likita ya ɓaci, shi ko gezau. Ya rage gudun ruwan, ya riƙa ba shi ɗan kaɗan yana tsayawa, ido ɗaya a kan bugun zuciya, ɗaya a kan jakar fitsari. Duk mai noman albasa ya san ƙishi na kashe ta, ruwa in ya kwanta kuma ruɓar da ita yake. Haka Tukur ya riƙe ran tsohon nan a tsakanin biyun, yana jiran jini.

Na uku shi ne Nafi'u na ɗakin gwajin jini. Ashe jinin Baba Jatau irin mai wuyar samun nan ne, ledar da ke cikin firji kuma ba irinsa ba ce. Sallau ya naɗe hannun riga, aka gwada, bai dace ba. Aka gwada kawunnai da maƙwabta har mutum shida, duk a banza. Sallau ya kama hannun Nafi'u yana kuka, ya ce, "Don Allah Malam, jini ai jini ne, ka ba shi wanda ke akwai." Nafi'u ya ce in ya yi haka da hannunsa ya kashe shi. Ya san nasa irin na tsohon ne, ya kuma san wata biyu ke nan da ya ba wata mai haihuwa, lokacin sake bayarwa bai yi ba. Duk da haka ya hau gado ya ce wa abokin aikinsa ya ɗiba. Da aka gama gwajin da ya wajaba ya ɗauki ledar da kansa, yana tafe yana dafa bango, ya miƙa ta a ƙofar ɗakin tiyata, sannan jiri ya zaunar da shi a ƙasa.

Bayan la'asar likita ta fito ta ce tsoho yana numfashi da kansa. Ran Litinin har ya buɗe ido ya tambayi wa ke yi masa banruwan albasa.

Daga nan kuma sabuwar damuwa ta kama Sallau, domin alkawari kaya ne. Ya je wurin Dakta Sa'adatu ta raba masa gardama, ta yi dariya ta ce ita dai Allah Ya taimake ta da jaririn bai zo mace ba. Wani kawu ya ce a haɗa sunayen uku. Liman ya ce a'a, mutum ɗaya ya ambata a rantsuwarsa, ba mutane ba.

Ranar Talata da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, mahauci ya kayar da rago yana riƙe da wuƙa. Mutanen nan uku suna zaune a tabarma ɗaya, don duk an gayyace su. Liman ya kawo kunnensa kusa da bakin Sallau ya ce, "Rana tana yi, Malam Sallau. Wane suna?" Sallau ya dubi Zubairu, ya dubi Tukur, ya dubi Nafi'u.

Ba don Zubairu ya sa ruwa ba, da tsoho bai kai ga wuƙa ba. Da Tukur bai tsayar da ruwan ba, da an fito da gawa. Jinin Nafi'u kuwa, in babu shi, wahalar su biyun ta tashi a banza. To jama'a, rago yana kwance, liman yana jira. Sunan wa ya cancanta Sallau ya raɗa wa ɗansa?