Alƙalin da Ya Rasa Masu Ƙara

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa mai dausayi da albarkar gero. Rumbunansa suka cika har aka riƙa gina sababbi, manyan gari kuma suka ta da benaye. Ran nan wazirinsa Hashimu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, talauci ya bar ƙasarka. Damina ta zo ta wuce, ba manomin da ya kai ƙarar ɗan'uwansa gaban alƙali. Ƙosasshe ba ya rigima."

Sarki ya yi farin ciki matuƙa. Ya sa aka kira alƙalin, wani tsoho mai suna Zubairu, don ya ba shi alkyabba. Tsoho ya yi gaisuwa, amma bai miƙa hannu ba. Ya ce, "Ya sarki, me ke sa kaji su daina faɗa a kan tsaba?"

Sarki ya ce, "In sun ƙoshi."

Alƙali ya ce, "Ko kuwa in an share tsabar."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "Warware mini."

Alƙali ya ce, "Akwai maƙwabta biyu, Nomau da Jatau, da kullum damina sai sun zo mini a kan kututturen gamba da ya raba gonakinsu. Shekarar fari, kowannensu ya ba da gonarsa don hatsin da zai ciyar da iyali. Bana na gan su suna ƙwadago tare a ƙasar da suka gada, an tumɓuke gambar, gonakin sun zama ɗaya. Sai mai gona ke rikicin iyaka. Gero ya ƙaru a ƙasarka, masu gero sun ragu."

Sarki ya fusata, ya ce, "Faɗi sunan wanda ya haɗiye gonakin bayin Allah, yau zai ga hukunci."

Alƙali ya nemi aminci, aka ba shi. Sa'an nan ya ce, "Sababbin rumbunan nan da ake ginawa, na wane ne?"

Waziri ya ce, "Ya sarki, wakilanka ne suka saya da sunanka, kuma ba wanda aka tilasta."

Alƙali ya ce, "Yunwa ce ta tilasta, fada ta riƙe mata mudu."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya tuna yadda ya riƙa sa wa wakilan nan albarka, bai taɓa tambayar inda yalwar ta fito ba. Sai ya sauko daga gado, ya zauna a ƙasa gaban tsohon, ya ce, "Ga wanda ake ƙara. Yanke hukunci."

Alƙali ya yanke cewa a mayar wa kowa gonarsa, domin amfanin da aka ɗiba ya riga ya rama hatsin da aka bayar. Sarki ya fara da nasa, manyan gari suka bi, wasu don kunya, wasu don tsoro.

Tun daga nan sarki yakan ce wa 'ya'yansa, "Kada ku auna adalcinku da shirun talaka, ku auna shi da abin da ya rage a hannunsa."