Masarar Wanke Inji da Goɗiyar Orville

Akwai wani mutum a garinmu na bakin kogi, nan jihar Iowa, sunansa Warren Tiedemann. Ina roƙon masu bibiyar wannan shafi su karanta labarinsa a natse har ƙarshe, domin abin da ya same shi yana iya samun kowannenmu.

Warren ya yi furfura a aikin babban kamfanin sinadaran nan da hedkwatarsa take can ƙetaren teku. Masana'antar kamfanin da ke garinmu sashe biyu ce, katanga ɗaya ta raba su. Sashe ɗaya yana haɗa sinadaran fenti da na gam. Ɗayan kuwa yana haɗa garin bitamin da ake barbaɗa wa dabbobi a abinci.

Tsakanin sassan biyu akwai tsohuwar tsokana. 'Yan fenti suna kiran maƙwabtansu 'yan kicin, saboda suna sa hular raga, suna wanke hannu kafin su taɓa komai. Su kuma suna kiran 'yan fenti 'yan wari.

A sashen fenti Warren ya yi suna, kuma abin da ya ba shi sunan shi ne ba ya zubar da komai. Duk abin da ya rage a gindin tanki, sai ya mayar da shi cikin haɗi na gaba. A wancan sashe wannan gwaninta ce, har kamfani ya taɓa ba shi lambar yabo a kanta.

Da manyan kamfani suka yanke shawarar sayar da sashen abincin dabbobi, sai manajan masana'anta ya ɗauko Warren ya ɗora shi a kan ma'aikatan wurin. Ya ce masa masu saye suna tafe, kuma ba a son su ga ɓarna ko kaɗan. Ya ƙara da cewa idan cinikin ya lalace, rufe sashen za a yi, mutane su koma gida.

Mai duba ingancin kaya a sashen wata mata ce, Lorna Dvorak, mai yawan dariya, amma ba ta ɗaga ƙafa a kan ƙa'ida. Ranar farko ta miƙa wa Warren hular raga, ta haɗa masa da ragar rufe gemu.

Ya riƙe ragar da yatsa biyu ya ce, "Uwar kicin, ina cokalina da tukunya?"

Ta ce, "Rufe gemun tukuna, Sarkin wari. Shanunmu ba sa cin gashi."

Ta zaunar da shi tana yi masa bayanin ƙa'idojin sashen, shi kuwa idonsa yana kan wayarsa. Da ta yi nisa, sai ya katse ta, ya ce tun tana makaranta yake haɗa ruwan da ke narkar da takalmi, saboda haka garin masara ba zai ba shi tsoro ba. Lorna ta yi murmushi ta ce ƙofarta a buɗe take, duk ranar da yake da tambaya.

Akwai wata al'ada a sashen. Garin da ake haɗa wa shanu yana da wani magani a ciki, mai gyara musu ciki su yi ƙiba. Idan an gama haɗin shanu, sai a zuba garin masara zalla a cikin inji, a juya shi ya kwashe ragowar maganin, sannan a juye masarar a ganguna masu launin ruwan ɗorawa, a kai su a ƙona. Bayan haka ne ake fara haɗin wata dabbar.

Wannan abu ya tsaya wa Warren a rai. Ga masara fes, mai ƙamshi, ana kai ta wuta. Kuma kowane haɗi da garin masara ake cika shi. A ganinsa, 'yan kicin sun saba da almubazzaranci ne kawai, babu wanda ya taɓa nuna musu hanya.

Ranar Laraba, da ma'aikata suka fita cin abincin rana, sai ya ja gangunan da hannunsa, ya juye su cikin haɗin da ke jiran inji. Haɗin na dawaki ne. Aka auna bitamin ɗin ciki, aka ga ya cika daidai. Ba a nemi maganin shanu a ciki ba, domin kowa ya san an wanke inji. Ranar Alhamis babbar mota ta kwashi buhunan ta kai wani shagon kayan noma da ke gundumar gaba.

Ranar Juma'a da rana suna ɗakin cin abinci, Lorna ta zauna kusa da shi da kofin kofi. Cikin raha ta ce masu ƙona shara sun ce gangunan wannan mako babu nauyi, ko dai Sarkin wari ya fara kai wa matarsa masarar ne ta yi masa burodi.

Warren ya yi dariya, ya ce ai masara ce mai kyau.

Ta ce, "Mai kyau ga saniya. Idan doki ya ci ko cikin tafin hannu ne, zuciyarsa ce za ta tsaya. Shi ya sa muke ƙona ta."

Warren ya ajiye cokalinsa. Lorna ta tambaye shi ko ya san abin da ya rage nauyin gangunan. Ya ce zai bincika. Ya tashi ya bar abincinsa.

Duk yammacin nan yana zagaya inji, yana magana da kansa. Ya ce masarar ta gauraya da gari mai yawa, ƙila ƙarfin maganin ya mutu. Ya ce Lorna mai zuzuta abu ce, aikinta ke nan. Ya tuna masu saye za su zo mako mai zuwa, ya tuna ma'aikatan da za su rasa abinci idan aka ji an janye kaya daga kasuwa. Amma a ƙasan duk waɗannan akwai abin da ya fi su nauyi, wato ya tsaya gaban matar da ya raina ya ce bai saurare ta ba.

Ya zo ƙofar ofishinta, ya same ta a buɗe kamar yadda ta faɗa. Ya tsaya, ya gyara ragar gemunsa, sannan ya wuce. Ya ce wa ransa Litinin ma rana ce.

Ranar Asabar ya yanke ciyawar gidansa, ya koma ya sake yanke inda ya riga ya yanke. Maƙwabcinsa ya leƙo ta shinge ya tambaye shi ko ciyawar ta zage shi ne. Warren ya ɗaga hannu kawai. Ya ɗauko waya ya nemo sunan Lorna, ya kalle shi, ya mayar da ita aljihu.

Ranar Lahadi ya zauna a coci bai ji ko kalma ɗaya daga bakin fasto ba. Da suka dawo gida, matarsa Doreen ta ajiye masa gasasshen nama da dankali, abincin da bai taɓa bari ya huce ba. Ya yi ta juya cokali a ciki.

Doreen ta ajiye nata cokalin ta ce, "Tsoho, tun shekaranjiya kake kallon bango. Ko dai ka faɗa mini, ko in kira likita."

Ya faɗa mata komai, tun daga ganguna har maganar Lorna. Ya fara lissafa mata dalilansa, masu saye, da ma'aikata, da ritayarsa da ta kusa. Doreen ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi abu ɗaya: shin dawaki suna hutun cin abinci ranar Asabar da Lahadi?

 Ta turo masa wayarsa a kan tebur.

Lorna tana gidan 'yar'uwarta lokacin da ya kira. Ya yi tsammanin faɗa, ko aƙalla tsokana, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambaye shi wane haɗi ne, kuma wane shago aka kai. Sannan ta ce ya tada mota, ta same shi a hanya, kuma za ta kira manaja da kanta.

Mai shagon ya bar iyalinsa ya zo ya buɗe musu. Buhunan suna nan jere a sito. Warren ya dafa su, har ya fara jin numfashinsa yana dawowa. Sai mai shagon ya sosa kai, ya ce buhu ɗaya dai ya fita. Wani tsoho mai suna Orville Stuckey ya saya jiya Asabar da safe, domin goɗiyarsa. Aka kira wayar tsohon, ba a ɗauka ba. Aka sake kira, shiru.

Suka hau hanyar tsakuwa da ta ratsa gonakin masara. Warren yana tuƙi. Lorna ta ce masa wani lokacin doki yakan ƙi cin garin da ke da maganin, saboda ɗanɗanonsa. Ya gane tausayi ne ya sa ta faɗa, kuma tausayin ya fi masa zafi da zagi.

Tun daga nesa suka hango motar likitan dabbobi a ƙofar barga.

Goɗiyar tana kwance a kan ciyawa, jikinta sharkaf da gumi, tana ja da numfashi da ƙyar. Orville yana durƙushe kusa da kanta, yana shafa mata wuya. Tsoho ne siriri, matarsa ta rasu, kuma goɗiyar tata ce. Likitan ya ce tun safe yake neman abin da ya taɓa mata zuciya bai gano ba.

Lorna ta buɗe baki za ta yi magana da sunan kamfani, sai Warren ya taɓa hannunta. Ya cire hularsa, ya matso, ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ke cikin buhun, ya kuma ce shi ne ya zuba da hannunsa. Likitan ya tashi da sauri ya nufi motarsa, amma a fuskarsa kowa ya ga an makara.

Orville bai ɗaga murya ba. Ya ce injina sukan yi kuskure, mutane ma haka, shi ma manomi ne, ya sani. Har ya gode musu da suka taso ranar Lahadi. Sannan ya ɗago ido ya dubi Warren.

"Ɗana, yau da safe ka gano ke nan?"

Lorna ta sunkuyar da kai, domin ita ma ba ta yi wannan tambayar ba.

Warren ya ce, "A'a, Baba. Tun ranar Juma'a da rana."

 Hannun tsohon bai daina shafa wuyan goɗiyar ba.

Ya ce, "Ranar Juma'a tana can cikin fili tana guje-guje. Buhun yana shago."

 Goɗiyar ta mutu kafin rana ta faɗi, Warren yana tsaye a ƙofar barga da hularsa a hannu, babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya ce ya shigo.

Kamfani ya janye buhunan, aka ɗage zuwan masu saye, aka sallami Warren daga aiki. Mutanen garinmu sun ce bai yi gardama ba ko kaɗan. Abin da ya ce wa Doreen shi ne, kuskuren Laraba na rashin sani ne, zai iya ɗaukarsa. Wanda ba zai iya ajiyewa ba shi ne na Juma'a, lokacin da ya tsaya a ƙofar da take a buɗe ya wuce.

Darasi: Gwanintarka a wani wuri ba ta ba ka izinin toshe kunne a sabon wuri ba. Saurari wanda ka tarar, ko da kana ganin ka fi shi. Idan kuma ka gane ka yi kuskuren da zai cutar da wani, faɗe shi a lokacin da ka gane, kada ka jira sai ka shirya fuskarka, domin cutar ba ta jiran kunyarka ta wuce. Ina roƙonku ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan aiki. Ƙila akwai wanda yake riƙe da magana irin wannan a yau, kuma buhunsa bai bar shago ba tukuna.