Mai Kiwon Kaji da Zauren Saƙonni

Akwai wani mutum mai kiwon kaji, yana da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Abin da ke lura da zafin injin nan wata manhaja ce da mutane daga garuruwa dabam-dabam suka haɗa hannu suka rubuta, suka bar ta a buɗe, mai so ya ɗauka, mai iyawa ya gyara. Suka kuma kafa zauren imel, wato adireshi guda wanda in mutum ya aika saƙo can, kowa a cikinsu zai samu.

Mutumin nan yana cikin zauren, amma bai taɓa cewa uffan ba. Tambayoyin wasu yake karantawa yana murmushi. In shi ne ya sami matsala, sai ya zagaya ta baya, ya rubuta wa dattijon da ya fara aikin, shi kaɗai. Gama yakan ce a ransa, "Ni da ake zuwa koyon kiwo a wurina, a gan ni ina tambaya a gaban jama'a? Haba!"

Ana nan sai cuta ta shigo ta share masa kaji. Ba abin da ya rage masa sai ƙwan da ke cikin injin. Ran nan da hantsi aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita injin ya tashi, amma ya ƙi ɗumama. Ya rubuta wa dattijon, shiru. Ya sake rubutawa, shiru. Ashe bawan Allah yana kwance a asibiti.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka rubuta a zauren mana."

Ya ce, "Don su yi mini dariya?"

Ba ta yi musu da shi ba. Ta ɗauko ƙwai ɗaya ta sa masa a tafin hannu, ta ce, "Ji yadda ya huce. Su waɗannan ba su san kai babba ne ba."

Tsoro ya kama shi, ya fi ƙarfin kunyar. Ya zauna ya rubuta a zauren, ya faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye. Ba a jima ba wata mace daga wani gari mai nisa ta amsa, ta ce, "Malam, injina ya taɓa yi mini haka. In wuta ta ɗauke, yakan manta da zafin da aka sa masa. Shiga wurin saiti ka sake sa masa." Ya yi yadda ta ce, sai ga ɗumi ya dawo.

Murna ta cika shi, amma hali bai bar shi ba. Ya rubuta godiya, ya aika mata ita kaɗai. Sai ta mayar masa da saƙon, ta ce, "Malam, aika wa kowa. Ni da abin ya same ni, gyarawa na yi na ja bakina, ga shi shiruna ya kusa cinye maka ƙwai."

Ya aika wa kowa. Nan da nan amsoshi suka yi ta shigowa, wannan ya ce shi ma, wancan ya ce ashe abin da ya kashe masa ƙwai ke nan. Wani da ya iya rubuta manhaja ya bi matsalar har tushe ya gyara ta. Da dattijon ya fito daga asibiti, ya tarar an gama aikin, ya yi farin ciki ƙwarai.

Da lokaci ya yi, ƙwan da suka fi hucewa sa'ad da yake jira ba su ƙyanƙyashe ba. Sauran kuwa suka fashe, gida ya sake cika da kukan 'yan tsaki.

Ma'anar wannan misali ita ce, zauren nan ikilisiya ce, ƙwan kuwa su ne abubuwan da Ubangiji ya danƙa mana, wato aurenmu, 'ya'yanmu, da bangaskiyarmu. Dattijon shi ne fasto. Na san ku sarai, 'yan'uwa! A taron addu'a in aka ce wa ke da roƙo, kowa ya sunkuyar da kai kamar yana neman allura a ƙasa. Ana tashi kuma a yi layi a ƙofar fasto. Akwai maganar da ta dace da sirri, ban hana ba. Amma fasto mutum ɗaya ne, yakan yi tafiya, yakan yi ciwo. Allah bai zuba dukan baiwarsa a kan mutum ɗaya ba, ya rarraba ta a cikin jiki duka.

Kai kuma da Ubangiji ya fisshe ka daga wahala ka yi shiru, ka sani wanda ke zaune kusa da kai yau wataƙila a cikinta yake. Shaidarka ita ce amsar da yake jira.

Saboda haka in wani abu yana hucewa a hannunka, kada ka koma gida da shi. Ka tashi ka faɗa tun da sauran ɗumi.