Ɓarawon Baƙin Man Alhaji Barmo

Wai Alhaji Barmo ne ya kai bakanike Jatau ƙara gaban alƙali, ya ce duk baƙin man da aka ɗura wa tsohuwar motarsa sace shi yake yi.

Jatau ya ce, "Allah gafarta Malam, ringin injin ne ya mutu, motar ce ke ƙone man."

Alhaji ya daka tsalle. "Ƙarya ne! Motata lafiyarta lau!"

Alƙali, wanda ragonsa na layya daga gidan Alhaji yake fitowa, ya ce, "Ka dawo masa da mansa yanzu, ko ka kwana a gidan yari."

"To, zan dawo da shi. Amma ya tara galan da hannunsa, kada a ce na rage."

Aka fita waje. Jatau ya durƙusar da Alhaji da galan a hannu a bakin salansar motar, inda hayaƙi ke fita, ya tayar da mota, ya taka totur. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe farar rigar Alhaji, yana tari yana ihu, "Wannan ai ƙaurin baƙin mai ne!"

Jatau ya leƙo ta taga. "Malam, mai kaya ya gane kayansa. Ga ɓarauniyar nan, sai a ɗaure ta."