Mutumin da Ya Bar Shuɗin Dutse

Akwai wani mutum a wani gari na kan tudu, sunansa Gayus, tsohon malamin makaranta ne. A bayan garin akwai filin wasan golf wanda masu haƙar kuza suka bari tun zamanin da. Ga yadda wasan yake: mutum yakan bugi 'yar farar ƙwallo da sanda, ya bi ta da ƙafa, ya sake bugunta, har ya sa ta cikin rami. Ramuka goma sha takwas ne, wanda kuwa ya gama da bugu mafi ƙaranci, shi ne ya ci.

A farkon hanyar kowane rami an kafa duwatsu uku masu fenti, domin mutum ya zaɓi inda zai tsaya ya yi bugun farko. Shuɗin dutse yana can baya, nesa da ramin, wurin ƙarfafa ke nan. Farin dutse yana tsakiya. Jan dutse kuwa yana gaba, kusa da ramin, an ajiye shi domin masu koyo da waɗanda ƙarfinsu ya ragu. Amma mazan garin suna ganin abin kunya ne a gan su a jan dutse. Da yawa cikin tsofaffi, da hannu ya fara nauyi, sai su jingine sandunansu a bayan ƙofa su daina zuwa filin ɗungum.

Kowace shekara bayan girbi akan yi gasa ta kwana biyu, a ba gwani kofi, a rubuta sunansa a allon da ke zauren kulob, wato ƙungiyar 'yan wasan. Dokar gasar ita ce, sai wanda ya buga daga shuɗin dutse ake lissafawa.

Akwai kuma wani mutum a garin mai suna Habila, injiniya ne mai ritaya, dogo, mai faɗin kafaɗa. Sunansa ya cika allon nan. Gayus kuwa sau goma sha ɗaya yana zuwa na biyu a bayansa, bai taɓa ɗaukar kofin ba. Su biyun ba abokai ba ne. Sukan gaisa, su yi wasa, su sha hannu, kowa ya kama hanyar gidansa.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Habila. Ya yi shekara ɗaya da rabi a gida. Ƙafarsa ta hagu ta dawo kaɗan kaɗan, hannun ma haka, amma zuciyarsa ba ta dawo ba. In baƙi suka zo dubiya, sai ya ce wa matarsa Rifkatu ta ce yana barci. Likita ya ce lalle ya riƙa fita yana tafiya, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Rifkatu ta yi roƙo har ta gaji.

A shekarar nan Gayus ya cika sittin da shida, ya kuwa sani ƙarfinsa ya kusa juyawa. Ya yi shiri irin wanda bai taɓa yi ba. A ranar farko ta gasar ya buga wasa mai kyau ƙwarai, har ya wuce na bayansa da bugu biyar. Mutane suka ce, “Bana kam kofin na Malam Gayus ne.” Matarsa Tabita ta share wuri a kan kabad ɗin falo.

Shugabannin kulob kuwa sun aika wa Habila domin su girmama shi, suka ce ya zo ya buɗe wasan rana ta biyu da bugun farko. Rifkatu ta lallashe shi har ya yarda. Da safe ya zo yana jan ƙafa, tana riƙe masa jakar sanduna. Jama'a suka yi masa tafi. Bai dubi kowa ba, ya wuce kai tsaye zuwa shuɗin dutse, inda ya saba tsayawa shekara talatin.

A gaban shuɗin dutsen ramin farko akwai rafi, wanda a da ƙwallon Habila takan tsallake shi ta wuce can nesa. Ya ɗaga sanda ya buga. Ƙwallon ta yi birgima ta faɗa cikin ruwa. Rifkatu ta miƙa masa wata. Ya sake bugawa, ita ma ta faɗa.

Sai sakataren kulob ya matso, ya rage murya, ya ce, “Baba, ga jan dutse can a hayin rafi. Ko za ka gwada daga can?”

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kowa ya ji. Habila ya karɓi jakarsa daga hannun matarsa, ya haye 'yar gadar da ke kan rafin shi kaɗai, idon jama'a duka a bayansa. Da ya kai hayi, bai nufi jan dutse ba. Ya juya wajen ƙofar fita, inda aka ajiye motoci.

Gayus ne na biye da bugu, har ya riga ya kafa ƙwallonsa. Ya dubi bayan mutumin nan yana tafiya a karkace, ya gane cewa in ya fita ta ƙofar nan yau, ba zai ƙara fitowa daga gidansa ba. Sai ya sunkuya ya ɗauke ƙwallonsa, ya saɓa jakarsa.

Sakatare ya tare shi ya ce, “Malam Gayus, in ka buga daga jan dutse, dole in cire sunanka daga gasar.”

Ya ce, “Na sani. Ina wurin sa'ad da aka rubuta dokar.”

Ya haye gadar da sauri, ya cim ma Habila kafin ya kai ƙofa. Habila ya tsaya, fuskarsa a murtuke, ya ce, “Tausayina ka zo ji?”

Gayus ya ce, “Shekara ashirin ina so in cinye ka, Habila. Kofin da ba kai na karɓa a hannunsa ba, me zan yi da shi? Zo mu buga. Inda ka tsaya, nan zan tsaya.”

Habila ya dube shi. Sa'an nan ya juya. Su biyu suka tsaya a jan dutse, mutumin da sunansa ya cika allo da mutumin da ke kan gaba a gasar bana, a gaban dukan jama'a. Habila ya buga, ƙwallon ta tashi, ba nisa sosai, amma ta sauka a kan hanya sarai.

Suka bar 'yan gasa suka wuce, su kuma suka bi a hankali. Gayus bai sassauta masa ba ko kaɗan, bai kuwa yi kuskure da gangan domin ya faranta masa rai ba. Ya cinye shi rami bayan rami. Amma a rami na bakwai, wanda gajere ne, Habila ya sa ƙwallonsa da bugu uku, Gayus da huɗu. Habila ya yi dariya, dariyar da Rifkatu ta ce rabonta da ji tun kafin ciwon. A rami na tara ƙafarsa ta gaji, suka tsaya, suka zauna a gindin mangwaro.

Wani ne dabam ya ɗauki kofin a ranar. Da shekara ta kewayo, kafaɗar Gayus ta fara ciwo, bai ƙara kusantar kofin ba har ya daina gasa. Sunansa ba ya kan allon nan.

A ranar gasar kuwa, da Gayus da Tabita suka koma gida da la'asar, ɗansu na fari ya zo da ɓacin rai, ya ce wa Tabita, “Mama, bugu biyar fa yake gaba. Me ya sa bai bari sai an gama gasar ba?”

Ta ce, “Da an gama gasar, da Habila ya riga ya kulle ƙofarsa. Ina tsaye a wurin sa'ad da babanka ya haye gadar nan. Wata mata a kusa da ni ta ce, wane ne wannan? Na ce mata, mijina ne. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa faɗin kalmar nan da ƙarfi haka ba.”

Daga nan kowace Alhamis akan ga su biyu a jan dutse. Kafin damina ta sauka, tsofaffi huɗu da suka daina zuwa sun ɗauko sandunansu daga bayan ƙofa, gama ba wanda ya ƙara iya cewa jan dutse wurin kunya ne.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Duwatsun nan su ne matsayin da kowannenmu yake tsaye a rai. Wani yana da ƙarfi, da lafiya, da sani. Wani kuwa ciwo, ko tsufa, ko faɗuwa cikin zunubi ya kai shi inda bai taɓa tsammanin zai tsaya ba. Rafin shi ne abin da ba mu iya tsallakewa da ƙarfin kanmu, ko da za mu gwada sau ɗari. Dukanmu kuwa mun taɓa tsayawa a bakinsa, mun buga, mun ga ƙoƙarinmu ya nutse.

Ubangijinmu Yesu bai tsaya can nesa cikin ɗaukakarsa yana nuna mana hanya da yatsa ba. Sakataren nan gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da aka faɗa daga nesa ba ta hana Habila nufar ƙofa ba. Almasihu ya bar abin da yake hakkinsa ne, ya hayo zuwa inda muke, ya tsaya tare da mu a wurin da mutane suke raina. Tun da ya tsaya a can, wurin ya daina zama abin kunya. In yau ƙarfinka a jan dutse ya ajiye ka, ka tsaya a can da kai a ɗage, ka yi bugunka. Ramin da na shuɗin dutse yake nema, shi kake nema.

Ku lura kuma, Gayus bai ruɗi ɗan'uwansa da nasarar ƙarya ba. Ya ɗauke shi cikakken mutum, shi ya sa rami guda da Habila ya ci ya zama nasa na gaske. Akwai taimakon da yake ƙasƙantar da mutum, ku yi hankali da shi.

Yanzu fa ku duba kujerun ikkilisiyar nan. Akwai wanda a da yake jan mu waƙa, yau muryarsa ta tafi, ya daina zuwa. Akwai wadda ta yi tuntuɓe, ta kasa haɗa ido da mu. Kun san sunayensu. Kada ku aika musu saƙo cewa ƙofa a buɗe take. Ku ajiye abin da ke hannunku, ko da abin da kuka daɗe kuna jira ne, ku je ku same su tun ba su kulle ƙofa ba. Mai yiwuwa ba za a rubuta sunanku a wani allo ba. Amma a ranar ƙarshe, sa'ad da aka tambaya wane ne wannan, Ubangiji da kansa zai amsa a gaban kowa ya ce, nawa ne.